Dogon Hanci da Gajeriyar Ƙofa

Da la'asar sakaliya muka sauka a filin jirgin saman Narita, ni da wani aminina mai shago a Dilimi da ke Jos, inda yake sayar da injinan mota da ake kwancowa daga Japan. Shi ya san hanya, ya san mutanensa. Ni kuwa rakiya ce ta kai ni, sai ɗokin ganin ƙasar da ta ƙera motocin da muka tashi muna hawa a tashar Bauchi Road. Tun ba mu bar filin jirgin ba kaina ya fara ɗaurewa. Wasu samari sanye da farar safar hannu suka loda jakunkunanmu a bas, suka rufe, suka koma gefe suka jeru. Motar na tashi sai na ga sun sunkuya mata, ba su ɗago ba har muka sha kwana. Na waiga in ga ko akwai wani babban mutum a cikinmu. Babu kowa sai matafiya, wasu har sun fara gyangyaɗi. Abokina ya ce, "Malam, adana mamakinka, da sauran aiki a gabansa."

Washegari muka nufi Yashio, wani gari a jihar Saitama da ke maƙwabtaka da Tokiyo, inda dillalan tsofaffin motoci suka yi yawa. Wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatun injiniya a can, mai jin Japananci kamar bakinsa, shi ya zo ya yi mana tafinta. Wurin da muka shiga, da a ce ba a gaya mini ba, ba zan yarda wurin kwance motoci ba ne. An wanke injina an jera su a kan kanta, kowanne da takarda a ɗaure mai faɗin motar da aka ciro shi da nisan da ta yi. Ƙasa fes, babu ko ɗigon baƙin mai. Duk wanda ya taɓa ratsa Dilimi da farar shadda ya san abin da nake nufi.

Ma'aikatan duk kaya iri ɗaya gare su, riga da wando ruwan toka. Na zuba ido ina neman mai wurin, na rasa. A gida ai tun daga nesa ake gane Alhaji: ga babbar riga, ga yaron da ke riƙe masa waya, ga kujerar da ba mai zama sai shi, ga masu "ranka ya daɗe" a gefe. Nan babu ko ɗaya. Da tafintan ya tambaya, sai wani dattijo mai furfura da ke riƙe da tsintsiya ya jingine ta, ya ɗora ɗan yatsa a kan hancinsa. Haka suke cewa "ni ne". Mu ƙirji muke dafawa, su hanci suke nunawa. Ya zo ya miƙa mini katinsa da hannu biyu, ya sunkuya. Ni dai na dafa ƙirji na ɗan rusuna, don ruku'u na Allah ne, kuma babu wanda ya nuna ya ji haushi, a nan ko a wani wuri.

Bayan an gama ciniki dattijon ya kawo mana wani kwali da aka naɗe da takarda mai kyau, ya faɗi wata magana yana sunkuyar da kai. Tafintan ya ce, "Kawu, cewa ya yi abin banza ne, ku yi haƙuri da shi." Na ce to abin banza kuma me ya sa zai ba baƙo? Da muka buɗe daga baya, kayan zaƙi ne masu tsada, kowanne a ɗakinsa cikin kwalin. Yaron ya yi ta yi mini bayani a mota. Ya ce harshen nasu hawa-hawa ne. In kana maganar abin da baƙo ya yi, akwai kalmomin da ke ɗaga shi sama. In abin da kai ka yi ne, akwai wasu dabam da ke sauke ka ƙasa. "Zuwa" na baƙo dabam, "zuwa" naka dabam, haka "ci", haka "faɗa", haka "gani". Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan saukarwar ba ta tsaya a kanka kai kaɗai ba, har da duk wanda yake naka. In baƙo ya bugo waya ofis yana neman shugaban kamfani, ƙaramar ma'aikaciya za ta ambaci sunan shugaban gatsau, ba tare da kalmar girmamawa ba, don a gaban bare shi ma ɗan gida ne. Na yi ƙoƙarin kwatanta yaron shago a Terminus yana ambatar sunan maigidansa babu Alhaji. Ai ranar sai dai ya nemi wani shagon.

Amma akwai inda na ji kamar ina gida. Matar dattijon ta kawo mana shayi, aka tambaye ta ɗanta, wanda muka ji yana wata babbar jami'a a Tokiyo. Ta kaɗa hannu a gaban fuska ta ce ai ba ya komai sai barci da cin abinci. Nan take na tuna iyayenmu mata da 'ya'yan fari, yadda uwa ba ta kiran sunan ɗan, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko da zuciyarta na fashewa da murna. Wannan alkunyar na san ta, ba ta buƙatar tafinta.

Ana cikin hira aka ambaci wani matashin dillali da ya samu kuɗi da wuri ya daina gaida mutane. Dattijon bai ce uffan ba. Ya dunƙule hannuwansa biyu, ya ɗora ɗaya a kan hancinsa, ya ɗora ɗayan a gabansa, kamar hancin ya yi tsawo. Ma'aikatansa suka kwashe da dariya. Tafintan ya ce, "Yana nufin ya zama tengu." Na ce ashe su ma a hanci suka ajiye abin, mu da muke cewa wane yana hura hanci. Ya ce, "Kawu, su har siffa suka yi masa. Bari in kai ka ka gani."

Dutsen Takao ya kai ni. Daga tashar Shinjuku tafiyar ba ta cika awa guda a jirgin ƙasa ba, sai ga ka a gindin dutse, birni ya ɓace. Tsayinsa mita 599 ne kacal. Garin Jos kansa yana zaune a wajen mita 1,200, balle duwatsun Shere da suka haura 1,800, don haka ban zaci zai burge ni ba. Ya kuwa burge ni. Duwatsunmu tsirara suke, manyan duwarwatsu a ɗore kan juna kamar an jera su da hannu. Wannan kuwa a lulluɓe yake da kurmi tun daga ƙasa har ƙoli, itatuwa miƙaƙƙu waɗanda mutum uku ba za su rungume ɗaya ba. Muka hau wani ɗan jirgi da igiyar ƙarfe ke ja, yana hawa a tsaye-tsaye har na riƙe kujera da hannu biyu. Tsofaffi mata da sanduna a hannu suna wuce mu a kan hanya, kowacce sai ta gaishe ka.

A can sama akwai wurin bautar mabiya Buddha mai suna Yakuo-in, wanda tarihinsu ya ce an kafa a shekarar 744. A farfajiyarsa na yi ido huɗu da tengu. Mutum-mutumi ne biyu, manya, masu fukafukai. Ɗaya da baki irin na hankaka. Ɗayan da fuskar mutum a murtuke, gira a haɗe, da mafici na gashin tsuntsu a hannu, sai hanci da ya miƙe gaba kamar taɓarya. A jikin ginin kuma an rataye wata ƙatuwar fuskarsa, ja wur. Na daɗe a tsaye ina kallo. Ban taɓa ganin inda aka ɗauki hali irin na zuci aka sassaƙa shi da fuska da ƙafafu haka ba.

Labarin da ke bayansa ya fi siffar kama ni. A tsohon imaninsu, ba ɓarawo ko mai kisa ne ke zama tengu bayan mutuwa ba. Malamin addini ne, wanda ya yi karatu ya yi ibada, amma ilminsa ya kumbura masa kai. Ibadarsa ta hana shi faɗawa wuta, girman kansa ya hana shi tsira, sai ya maƙale a tsakani yana yawo a duwatsu. Har akwai wani naɗaɗɗen zane na shekarar 1296 da aka yi musamman don sukar malaman manyan wuraren bauta na Nara da Kiyoto, aka zana su da siffar tengu saboda fahariyarsu. Ni Musulmi ne, wannan ba aƙidata ba ce, amma jikina ya yi sanyi, don tun muna makarantar allo aka gaya mana wanda aka fara kora daga rahama ba jahili ba ne, mai ibada ne da ya ga ya fi ƙarfin sujada. Mutanen da ke ƙarshen gabashin duniya sun gano inda ciwon ya fi kamawa, sun kuma nuna shi a kan malamansu, ba a kan talaka ba.

Inda na rikice shi ne da na ga ana girmama shi. A Takao tengu mai gadin dutse ne, ɗan aiken abin bautarsu, ana sayar da waina mai siffar fuskarsa, yara na ɗaukar hoto da shi. Na tambayi tafintan: abin zargi ne ko abin yabo? Ya ce duka biyun. Tengu gwani ne na gaskiya, shi ne ma almara ta ce ya koya wa jarumi Yoshitsune takobi a dutsen Kurama. Ba fankon banza ba ne, yana da abin yin alfaharin, shi ya sa misalin ke ciwo. Ya ƙara da wani labari da ya ba ni dariya. A tashar jirgin Kurama akwai wani ƙaton kan tengu, a watan Janairun 2017 dusar ƙanƙara ta taru a kan hancin har ya karye, ma'aikata suka manna masa ƙatuwar filasta kamar mai rauni. Jama'a suka yi ta zuwa kallo, don a bakinsu karya wa mutum hanci shi ne sauke masa girman kai.

Zuwanmu ya dace da gasar kokawar sumo ta watan Mayu, sai muka samu shiga zauren Kokugikan da ke unguwar Ryogoku. Gasa shida ake yi a shekara, uku a Tokiyo, kowacce kwana 15. Da'irar kokawar an yi ta da yumɓu, faɗinta mita huɗu da rabi da ɗan ɗori. Ƙartai biyu masu nauyin bijimi za su yi ta watsa gishiri, suna buga ƙafa, suna hararar juna, sannan su yi karo, cikin ƙiftawar ido an gama. Wani ya ɗaga abokin karawarsa cak ya fitar da shi waje, zaure ya ɗauki ihu, ni ma na miƙe tsaye. Na jira in ga mai nasara ya zagaya fili. Ina! Ya miƙa wa wanda ya kayar hannu, ya koma gefensa, suka sunkuya wa juna, ya tsuguna, ya yi wata alama da hannu sau uku, ya karɓi ambulan ɗin kyauta daga alƙali, ya fita fuskarsa kamar wanda ya dawo daga ta'aziyya.

Wani dattijo da ke kusa da mu ya ce wa tafintan wanda ya faɗi yana da iyaye a zauren, me zai sa a ƙara masa? Ya ba mu labarin Asashoryu, ɗan ƙasar Mongoliya da ya ci gasa 25, wanda a 2009 ya ɗaga hannuwa sama don murna a kan da'irar, aka yi ta sukarsa a jaridu har majalisar da ke sa ido kan manyan 'yan kokawa ta nuna rashin jin daɗinta. A wasan takobin gora ma, in ji shi, in ka ci maki ka dunƙule hannu don murna, alƙalai na iya soke makin.

Na jinjina wa wannan kamun kai, har ga Allah. Amma a zauren nan na ji kewar kalangu. A filin dambe, ɗan wasa zai fito ya tsaya gaban makaɗi ya yi kirari, ya ambaci waɗanda ya kashe da garuruwan da ya gagara, jama'a na amsawa, tsikar jiki na tashi. Da babu wannan da ba mu san Shago yadda Ɗan Anace ya sanar da mu shi ba. Bahaushe ya ce yabon kai jahilci, amma ya ware wa yabon kai fili da lokaci da makaɗi, ya kuma san wanda ya yi kirari yau gobe ƙasa na jiransa. Su sun rufe ƙofar gaba ɗaya, mu mun bar taga. Ba zan musanya tagarmu ba, sai dai na so a ce ta tsaya a filin dambe, ba ta biyo mu ofis da masallaci da wurin ɗaurin aure ba.

Jirgin ƙasa mai gudun tsiya, wanda suka fara tun 1964, ya kai mu Kiyoto cikin awa biyu da 'yan mintoci. Mai duba tikiti duk taragon da zai bari sai ya juyo ya sunkuya wa fasinjoji, ko da kowa barci yake.

A Kiyoto na gane cewa mutanen nan sun san ƙasaita sarai. Kinkaku-ji gini ne a bakin tafki, hawansa biyu na sama an lulluɓe su da zinariya, wanda mai mulki Ashikaga Yoshimitsu ya fara ginawa a 1397. Wanda ake gani yanzu na 1955 ne, don wani matashin mai hidimar wurin ya cinna wa na asalin wuta a 1950. Rana na dukansa sai na kare ido da hannu. Na ce wa tafintan, to ina ƙanƙan da kan? Ya ce, "Kawu, zo ka ga amsar da aka ba zinariya."

Ya kai ni wani lambu mai ɗakin shan shayi. Bukka ce ta laka da gora da itace marar fenti, bangon ma da ƙaiƙayi a jiki kamar ginin ƙauye. Na nemi ƙofa na rasa, sai ya nuna mini wata kafa a ƙasa, tsayinta da faɗinta ba su kai kamu biyu ba. Ta nan ake shiga, da rarrafe. A waje akwai 'yar kanta inda jarumi ke ajiye takobinsa, don ba zai shige da shi ba. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na cusa kai. A ciki babu komai sai tabarmi, da tukunyar ƙarfe, da fure ɗaya tal a jikin bango. Wata dattijuwa ta dama koren shayi a wani kasko baƙi mai karkataccen baki, ta juya shi ta miƙo mini da hannu biyu. Yana da ɗaci, yana da daɗi. Na san ƙofar da ake sunkuyawa, duk wanda ya shiga bukkar Fulani a rugagen bayan Naraguta ya sunkuya. Amma can ginin ne ya zo da haka. Nan da gangan aka rage ƙofar, don sarakuna da attajirai, a zamanin da takobi ke mulki. Abin da malamanmu ke ta faɗa a kan mumbari, wani ya ba kafinta ya auna shi da katako.

Mutumin da ake danganta wannan tsari da shi sunansa Sen no Rikyu, ɗan attajiran garin Sakai, an haife shi a 1522. Ɗakin da ake kira Tai-an, wanda ake cewa shi ya tsara, tabarma biyu ce faɗinsa, yana nan har yau a kudu da Kiyoto. Ubangidansa kuwa Toyotomi Hideyoshi ne, ɗan talaka da ya taso daga hidima har ya haɗe Japan a hannunsa. Hideyoshi na son shayi, amma yana son ƙyalli, har ya sa aka yi masa ɗakin shayi na zinariya da ake kwancewa a ɗauka, ya kai shi fadar sarki a 1586. Ka ga mutum biyu a gida ɗaya, ɗaya na laka, ɗaya na zinariya, kuma na zinariyar na rarrafawa ta ƙofar na lakar.

Daga nan muka taka zuwa Daitoku-ji, muka tsaya gaban wata babbar ƙofa ja mai hawa biyu. Rikyu ne ya ba da kuɗin gina hawan saman, aka gama a 1589, aka ajiye mutum-mutuminsa na katako a can sama, sanye da takalmi. Duk wanda ya bi ta ƙofar, ko da Hideyoshi ne, ya bi ta ƙarƙashin takalmin mai dafa masa shayi. A 1591 Hideyoshi ya sa aka sauko da mutum-mutumin aka tsire shi a gadar Modoribashi, ya kuma umarci Rikyu ya kashe kansa, yana dab da shekara 70. Masana tarihinsu na kawo wasu dalilan, na siyasar fada da na cinikin kayan shayi, amma laifin da aka bayyana a fili shi ne wannan: malamin ƙanƙan da kai ya yi girman kai.

Na ce wa yaron zalunci ne tsantsa. Mutumin da ya gina ɗakin zinariya, wanda shekara ɗaya bayan haka ya tura runduna Koriya da burin cin Sin, shi zai tuhumi wani da ji-ji da kai? A Kiyoton nan akwai wani tudu, Mimizuka, da aka binne dubban hancinan da sojojinsa suka yanko a wannan yaƙi. Yaron ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Gaskiya ne, Kawu. Amma ka duba ɗaya gefen. Wa ya yanke tsayin ƙofar? Wa ke cewa wannan baƙin kasko ya fi zinariya daraja, kowa ya yarda, farashinsa ya tashi? Mutumin da ya sa mai mulkin ƙasa rarrafe, ya sa shi ajiye takobi, kana ganin bai san ƙarfinsa ba?"

Ban yarda da shi duka ba, don mai kasko bai yanke hancin kowa ba. Amma maganar ta zauna mini, saboda na san irin mutanen a gida, masu tsohuwar riga da tabarmar kaba, waɗanda gwamna ke cire takalmi ya zauna a ƙasa gabansu, kuma ba kowannensu ne zuciyarsa ke ƙasa kamar tabarmarsa ba. Muka ci gaba da musu muna tafiya, shi yana kare Hideyoshi da rabin baki, ni ina kare mai shayi. Ya ce gidan Hideyoshi ya ƙare a Osaka a 1615, amma zuriyar Rikyu na nan, gida uku, suna koyar da shayi har yau, kuma biyu daga ciki suna wata unguwa da ƙafa za ta kai mu. Na duba agogo na ga da sauran lokaci kafin la'asar, na ce masa, "Wuce gaba, ɗana, mu je."